Layin Da Ke Bin Sakinatu

A daminar 1990, lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, wata magana ta fito daga wata makarantar horar da ungozoma har ta kai bakin kasuwa. Wai injin fotokofi na makarantar ya kama ɓarauniya da kansa. Wai duk takardar da Sakinatu ta sa masa sai ta fito da baƙin layi daga sama har ƙasa, in kuwa wani ya sa, ta fito fes. Masu ba da labarin suna ƙarawa da cewa ranar da aka kawo injin malamai sun yi masa addu'a, don haka ba ya rufa wa maci amana asiri.

Mutane da yawa sun gaskata, har da masu digiri. Ba wanda ya tambayi abin da ya hana injin kama kowa shekara biyu cur, a ofishin da ko tsintsiya aka ajiye sai ta yi ƙafa.

Abin da ya faru a fili shi ne wannan. Ranar Laraba shugaban makarantar, Alhaji Abdussamadu, ya kai ƙara caji ofis cewa an sace tambayoyin jarrabawar shiga makaranta, ana sayar da su a Argungu. Kowane shafi na waɗanda aka kamo yana ɗauke da baƙin layi. Wasiƙun makarantar ma, tun Litinin, da irin layin suke fita. Sakinatu ce mai buga tafireta, ita ke riƙe da makullin ɗakin inji, kuma 'yarta Laure tana cikin masu jiran jarrabawar. Kafin la'asar an kama ta.

Da safiyar Juma'a Difi'o, shugaban caji ofis ɗin, ya tura wa Sufeto Dikko Augie fayil ɗin.

"Babu wahala ciki," in ji shi. "Ka haɗa takardu, Litinin da ƙarfe tara a kai ta gaban majistare."

Sufeto Dikko mutum ne siriri mai furfura a gemu, ba ya son a ce masa abu babu wahala. Ya sa aka fito da Sakinatu daga bayan kanta. Mace ce 'yar shekara arba'in da ɗoriya, mijinta ya rasu. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba, idanunta sun faɗa.

"Ke kika yi?"

"Yallaɓai, shekarata goma sha tara ina buga jarrabawar ga. Ko fensir ban taɓa kai gida ba."

"To layin fa?"

"Shi na ban sani ba!" in ji ta. "Kullum da safe sai na goge gilashin. Na goge da tsumma, na goge da sabulu, har da gefen mayafina. Gaban kowa da kowa Malam Kalilu ya sa takarda ta fito fara tas, ni na sa, layi ya fito. Har na fara tunanin ko na yi wani laifi ban sani ba."

"Wane ne Malam Kalilu?"

"Mataimakin shugaba."

"Juma'ar da ta wuce kina ofis har aka tashi?"

Ta ce tana nan. Ya kafa mata ido. Sai ta sunkuyar da kai.

"Ƙarfe goma sha ɗaya na fita. Innata ba ta da lafiya a Ambursa, ban kuma nemi izini ba. Amma makulli na nan ɗaure ga bakin zanena, wallahi ko wanka da shi nake shiga." Ta kama gefen teburin da hannu biyu. "Yallaɓai, in anka kai ni kotu an gama da ni. Aiki ya tafi, ɗakin kwatas ya tafi, sunan ɗiyata an riga an ja mai biro. Ko alƙali ya sake ni, wa zai ba ni ajiyar allura cikin garin ga?"

Sufeto ya rufe fayil ya ɗauki hularsa, ya ce wa kofur ya taho da ita makarantar.

Ɗakin injin ɗan ƙarami ne, taga ɗaya. Injin ya cinye rabinsa. Yana da faffaɗan gilashi ƙarƙashin murfi inda ake kifa takarda ɗaya ɗaya, a saman murfin kuma akwai wani baki da ake jera takardu da yawa ya riƙa jansu da kansa. Shi ma'aikata ke kira fida.

Ma'aikata sun cika ƙofa, kowa yana son ya ga abin al'ajabi. Malam Kalilu ya matso gaba, dattijo mai tsabta, alƙalami uku a aljihu.

"Ranka shi daɗe, ni ban son faɗin abin da zai ɓata wani. Amma ido ba shi ƙarya. Bari ka gani."

Ya ɗaga murfi, ya kifa takarda a kan gilashi, ya danna. Ta fito fes. Mutanen ƙofa suka yi salati.

Sufeto ya miƙa wa Sakinatu takardar. Ta zura ta a fida. Inji ya ja, ya tofo kwafi. Ga layin nan baƙi ƙirin, yatsa biyu daga gefen dama.

"Allahu Akbar," in ji wata mai shara.

"Ke kullum ta nan sama kike sawa?" Sufeto ya tambaya.

"Aikin da yawa, Yallaɓai. In na tsaya ɗaga murfi ba ni gamawa."

"Ɗaga yau. Kifa ta inda Malam ya kifa."

Ta kifa. Takarda ta fito fara tas. Ta tsaya tana kallonta kamar ba ta taɓa ganin takarda ba.

"Malam, kai kuma sa ta sama."

Malam Kalilu ya ja da baya yana murmushi. "A'a, ni wanga bakin ban iya shi ba. Ban taɓa ko taɓa shi ba, tsoro nake shi cinye min yatsa."

Sufeto ya zura takardar da kansa. Layi ya fito. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"To ga shi ni ma ya kama ni. Kofur, kawo ankwa."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sulale. Amma da aka koma caji ofis Difi'o bai yi dariya ba.

"Ka nuna inji ba waliyyi ba ne, madalla. Ka kuma nuna da fida aka yi satar, ita kaɗai ke aiki da fida, ita kaɗai ke da makulli. Ka ƙara ɗaure ta ne, Dikko. Litinin na nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma Sakinatu ta ji shi daga bayan kanta. Ba ta yi kuka ba. Ta juya fuska bango.

Ranar Asabar Sufeto ya hau Landiroba zuwa Argungu. Ruwa ya kwanta a fadama hagu da dama, manoma sun duƙufa dashen shinkafa. Wanda aka kama da takardun wani mai shagon littattafai ne kusa da tasha, sunansa Atiku, an ba da belinsa tun Alhamis.

"Wa ya kawo maka?"

"Wata mata ta, Yallaɓai. Na riga na faɗa."

"Doguwa ko gajera?"

"Tsaka-tsaki."

"Fara ko baƙa?"

"Ta yi lulluɓi."

"Saiti nawa ta kawo?"

"Ɗaya. Ni na kai Sakkwato anka ƙara min. Kuskure na, Yallaɓai, sharrin Shaiɗan."

"Shaiɗan ya sha ɗaukar kaya a garin nan. Kawo min na ainihin."

Atiku ya yi ta lalube ƙarƙashin kanta, da ƙyar ya zaro wata ambulan mai ruwan ƙasa. Shafi shida ne a ciki, kowanne da layinsa. Sufeto ya jera su a kan kanta. A kusurwar sama ta dama, shafuka biyar suna da wata inuwa mai kusurwa huɗu, siririya, kamar an rufe wani abu kafin a yi kwafi. Shafi na huɗu kuwa an yage masa kusurwar gaba ɗaya.

"Wa ya yaga nan?"

"Hakanan ta zo."

Sufeto ya juya ambulan ɗin. Inda aka liƙe bakinta gam ɗin ya bushe baƙi-baƙi, yana ƙyalli. Ya sa ta cikin jakarsa.

Daga Argungu ya wuce gidan Alhaji Abdussamadu a unguwar Gesse, cikin Birnin Kebbi. Ya tarar da shi a zaure.

"Alhaji, me ke kusurwar sama ta takardun jarrabawarku?"

"Lamba. Kwafi uku muke bugawa na asali, kowane shafi mu buga mai hatimi. Na ɗaya wurina, na biyu wurin mataimakina, na uku cikin fayil wurin Sakinatu. In ta fita, mu san ta hannun wa ta fita."

"Ɓarawon ya san da haka. Ya rufe lambar. Makullin ɗakin inji nawa ne?"

"Ɗaya tak."

"Kwaɗon da gwamnati ta saya, da makulli ɗaya ya zo?"

Alhaji ya gyara zama. Ya tambaya ko a kawo ruwa. Sufeto ya ce ya sha.

"Akwai na biyu cikin tarin makullaina," in ji Alhaji daga baya. "Amma ba shi barin hannuna."

"Juma'ar da ta wuce kana ina?"

"Sakkwato, taro a ma'aikata."

"Da makullan?"

Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Doka ta ce kada in bar ma kowa. Amma mutum shekara ashirin muna tare, shi ke mana limanci a ofis. In ban bar ma Kalilu ba, wa zan bar ma?"

"Shi ya sa ka yi shiru mace ta kwana uku a bayan kanta."

Alhaji bai ɗago kai ba.

Makulli dai ba shaida ba ne. Mutum yana iya riƙe makulli bai buɗe ƙofa ba, kuma Difi'o zai faɗi haka kafin a rufe baki. Saura kwana ɗaya. Sufeto ya aika Landiroba Sakkwato a ɗauko makaniken da ya kafa injin.

Sai bayan azahar ɗin Lahadi ya iso. Sunansa Hodi, gajere mai tumbi, da akwatin kayan aiki da mita.

"Ranar hutuna, Sufeto. Matata ta ce in ban dawo da kifin Argungu ba kada in dawo."

"Gyara min wannan, in saya maka giwan ruwa."

Hodi ya karɓi kwafin ya ɗaga shi wajen taga. "Layin wuri ɗaya yake fitowa kullum?"

"Wuri ɗaya."

"Ko an juya takardar?"

Suka juya ta suka gwada. Layin bai gusa ba.

"To ba daga takarda ba na. In an kifa a gilashi?"

"Babu layi."

"To ba garin tawada ba na, ba kuma gangar ciki ba. Da su na, ko ta ina ka sa sai ya fito. Ciwon na ga hanyar fida." Ya ɗaga murfi ya shafa babban gilashin. "Kai, wanga ya sha guga kamar kwanon amarya. Amma fida ba ta aiki da shi. Dubi nan."

Ya kwance sukurori biyu, ya ɗaga wani ƙarfe a gefen hagu. A ƙarƙashinsa akwai wani gilashin daban, siriri, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba.

"In ka sa takarda ta sama, fitila tsayawa take nan ƙasa, takarda ke wucewa bisanta. Ɗigo ɗaya in ya zauna nan, ko kamar ƙwayar gero, kowace takarda ta wuce sai ya ja mata layi tun daga kai har ƙafa."

"Ka taɓa nuna wa Sakinatu wannan gilashin?"

Hodi ya sosa ƙeya. "In na nuna ma kowa komi, wa zai kira ni?"

Ga ɗigon nan kuwa, baƙi, ya bushe. Sufeto ya hana a goge. Hodi ya jiƙa yatsa ya taɓa gefensa kaɗan, ya shinshina, ya ɗanɗana.

"Ƙaro na. Ƙaro da tawadar allo. Na yi shekara bakwai ina lasar ta, ba ni mance ta."

Ya sa hannu ya juya rolar da ke jan takarda. Ta yi wani ƙas. Ya sake juyawa a hankali, ya sa ɗan hantsaki ya ɓamɓaro wata 'yar guntuwar takarda da ta naɗe a jikinta, tsawonta kamar ɗan yatsa.

Sufeto ya shimfiɗa ta a tafin hannu. Gabanta fari ne. Bayanta ya sha baƙin ƙaro, a tsakiya kuma ga shatin hatimi mai ruwan algashi, wanda danshin ƙaron ya kwaso daga takardar da aka liƙa ta a kai. A juye yake. Ya je bakin taga, ya ɗaga ta wajen rana, ya karanta ta gaba.

Lamba biyu ce.

Da safiyar Litinin, ƙarfe takwas saura, motar kotu tana tsaye a gaban caji ofis. An fito da Sakinatu. Laure tana bakin ƙofa da kwanon koko a hannu, ba wanda ya ce ta shigo.

"Yallaɓai, lokaci ya yi?" Sakinatu ta tambaya.

"Ranka shi daɗe, a ba ni awa ɗaya," in ji Sufeto ga Difi'o. "In ban dawo da wani ba, ni zan kai ta da kaina."

Malam Kalilu yana ofishinsa yana liƙe wasiƙu. Tun da aka shiga tsuke bakin aljihu gwamnati ta daina kawo gam, kowa da dabararsa. Wasu koko suke sawa, wasu tuwo. Shi ƙaro yake jiƙawa a cikin tsohon kurtun tawadarsa na makarantar allo, yana shafawa da alƙalamin kara.

Sufeto ya shigo da Alhaji Abdussamadu da kofur. Ya ajiye ambulan ɗin Argungu kusa da waɗanda ke kan tebur. Bakinsu iri ɗaya ne.

"Ƙaro ba nawa ba na ni kaɗai," in ji Malam Kalilu. "Duk dajin ga cike yake da shi."

"Haka ne. Buɗe kabad ka kawo kwafi na biyu."

"Makullin na gida."

"Ga shi nan rataye a wuyanka, Malam."

Ya buɗe. Sufeto ya zaro shafukan ya jera. A kusurwar kowanne takardar ta saɓule inda aka ɓamɓare wani abu, hatimin ya dushe, gefensa ya yi dauɗa. Ya ciro guntuwar da Hodi ya samo ya ɗora ta a kusurwar shafi na huɗu. Ta zauna daidai kan shatinta.

"Ka ce ba ka taɓa taɓa fida ba. Yaya aka yi wannan ta shiga rola?"

Malam Kalilu ya zauna. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Kalilu," in ji Alhaji, "ka ce ƙarya na."

"Sauri na yi," in ji Malam Kalilu. "An kira sallar Juma'a, kowa ya tafi, ni kuma ban son a ga babu ni a sahu. Na liƙa ƙyallayen, ban jira sunka bushe ba, na zuba su ta sama don shi fi sauri. Na huɗu ya fito babu nashi, lamba a fili. Na nema ban gani ba, sai na yage wurin."

"Don me ka yi?"

"Atiku ƙanin matata na. Ɗiyatai ta faɗi jarrabawar ga sau biyu. Kullum in na je Argungu sai a ce ina da wuri na hana nawa. Ita kaɗai na ba, wallahi ita kaɗai. Ban san zai kai kasuwa ba."

"Maganar inji ya kama ɓarauniya fa, wa ya fara ta?"



"Na lura in an kifa a gilashi ba shi yin layi. Sai na faɗa ma masinja, na san ba shi riƙe magana."

"Ka ga an tafi da ita. Ka kwana biyar a gidanka."

"Na ce mace ta, gwauruwa, alƙali zai tausaya mata. Ni kuwa in anka ce ni na, ina zan sa kaina? Ni ke limanci."

Sufeto ya yi wa kofur alama. Aka sa masa ankwa, aka ɗauki kurtun da takardun. Ma'aikatan da suka cika ƙofar ɗakin inji ranar Juma'a su ne suka jeru a baranda suna kallo.

Ƙarfe tara saura minti goma Landiroba ta tsaya a caji ofis. Difi'o ya karanta jawabin a tsaye, ya sake karantawa, sannan ya ce a cire sunan Sakinatu daga takardar tuhuma. Da aka faɗa mata ba ta tashi ba. Laure ce ta shigo ta ɗaga ta. Alhaji Abdussamadu ya tsaya daga nesa ya ce a mayar da sunan yarinyar cikin masu jarrabawa, uwar kuma ta koma bakin aiki gobe. Sakinatu ba ta dube shi ba.

A motar da aka kawo dominta aka sa Malam Kalilu. Da azahar aka ɗauko Atiku daga Argungu.

Sakinatu ba ta saci komai ba. Malam Kalilu ne ya fitar da tambayoyin daga kwafi na biyu ranar Juma'a, da makullin da shugaba ya bar masa, kuma shi ya ƙirƙiri maganar inji. Layin kuwa ɗigon ƙaro ne da ya bushe a kan siririn gilashin fida.